Idon Barira na Dama

A tashar Safana, Barira tana zaune a benci tana jiran motar Katsina, ta rufe idonta na hagu da gefen mayafi. Wani malamin makaranta da ke kusa ya gaishe ta, ya tambayi abin da ya sami idon.

"Yanar ido ce ta rufe shi. Na kai wa mai cire yana a kasuwar Batsari, ya sa tsinke, idon ya mutu. Na daman nake so in ceto."

Malamin ya taɓe baki. "Ku mutanen ƙauye ke nan. Ga asibiti, sai ku kai ido wurin mai tsinke."

"Ga asibiti a ina, Malam? Daga Ruma na fito. Mai babur ba ya shiga hanyarmu sai ya ji daji lafiya. Na je birni, aka ce likita bai zo ba. Na koma, aka ce na'ura ta lalace. Mai tsinke kuwa kowace kasuwa yana nan."

"Haƙuri ake yi, Inna. Mahaifiyata ma yanar ce, amma ban bar kowa ya taɓa ta ba."

"Madalla. An yi mata aikin?"

"Sai na sami hutu."

"Tun yaushe ba ta gani?"

Ya ce, "Tun kafin a turo ni nan."

Barira ta ja tsaki. "Ni dai da ƙafata na fita neman magani na yi kuskure. Ita kuwa mai ilimi ta haifa, ya ajiye ta a ɗaki."