Rijiyar Yaya Sale a Jikwoyi

Kuɗin motar da ya kai ni Abuja ma ba nawa ba ne, Yaya Sale ne ya aiko. Kai Habu, ajiye wayar nan ka saurara, tunda kai ne mai rawar kan tafiya.

Ba ɗan uwana ba ne, katanga ce kawai ta raba gidajenmu a garin nan. Amma shi ya koya mini iyo a kududdufi, shi ya rama mini duka a makarantar allo, da na tasa kuma ya ja ni sana'ar gidansu, haƙar rijiya. Mutum ne mai faɗa, ga dariya kamar ana kwankwasa garwa. Abin da ya fara koya mini shi ne ba a shiga rami da safe sai an zura fitilar aci-balbal da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, a sauka. In ta mutu, iskar ciki ta ɓaci, sai a yi ta fifita da ganye. Na taɓa mantawa, ya ɗauke ni da marin da har yau in na tuna kunnena ke ƙara.

Na same shi a Jikwoyi, a wani ɗaki wai shi selkon, wato irin mai komai nasa a ciki. Ni dai ban ga kon ba, ban ga sel ba, langa-langa ce da tabarma. Mai gidan kullum sai ya leƙo ya ƙirga takalma a bakin ƙofa.

"Mutum ɗaya na ba haya, wannan kuma fa?"

"Ƙanena ne, Oga."

"Ƙanenka ba ya zuwa bayan gida?"

Haka muka zauna. Aiki akwai, don unguwar gini ake ta yi ba ruwa. Amma Yaya Sale ya canza. Can ba a cewa wurin aiki, sai sayit. Komai shap-shap, wanda ya tsaya bismilla wani ya karɓe aikin. Ranar farko na fito da fitilata daga buhu, leburori suka fashe da dariya, wani ya ce Aboki ya zo da juju. Yaya Sale ya ji kunya. Ya ce in mayar, ya nuna mini tocila mai caji da ake ɗaurawa a goshi, wai nan birni ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zai yi musu da wanda ya koya masa?

Muka karɓi rijiyar wani mai ginin gidan haya. Mun kai ruwa, saura a ƙara zurfi, sai aka kawo injin jan ruwa aka girke a bakin ramin, ya yi ta tuƙa hayaƙi yana kwashe ruwan. Da aka kashe, na ɗaura igiya a ƙugu, don ni ke da shiga ranar. Yaya Sale ya ce in ba shi, wai jiya na yi ta tari, in huta.

Ina riƙe da igiya ina kallon hasken goshinsa yana sauka. Ya kai ƙasa, na ji diga ta bugi laka, sai shiru. Na kira, ba amsa. Tocila kuwa tana nan tar, ba ruwanta da iska. Wallahi hasken nan ne ya ruɗe ni, na ce ai lafiya, hutawa yake. Kafin hankalina ya ba ni, mu taru mu jawo shi, rai ya yi halinsa.

Kafin la'asar an binne shi. Wasu Katsinawa masu shago ne suka yi masa sutura, Allah Ya saka musu. Ni ko kabarin ba zan iya nuna muku ba yanzu. Washegari mai ginin ya ce ba ɗan hayar da zai sha ruwan da mutum ya mutu a ciki. Ya sa aka zuba daɓe a kai, aka jawo bututu daga bayan gida, ya zama sokawe. Salga ke nan, in ba ku gane ba. Ina tsaye aka yi.

Na dawo gida da buhun kayansa, ba ko tsaraba. Inna Hajo, mahaifiyarsa, tana zaune kan turmi, ta riga ta ji. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce mai rijiya ba ya rasa lada ko yana kabari, muddin ana sha. Sai ta dube ni.

"Ɗan nan, ruwan ya fito?"

"Ya fito, Inna."

"Ana sha?"

Me zan ce mata? Na ce ana sha.

Tun ranar ban sake riƙe diga ba, kuma ban sake yin aboki ba, zuciyata ta mutu a kan abin. Ita kuwa Inna Hajo, har Allah Ya karɓi ranta, duk wanda ta ji zai tafi Abuja sai ta aika a kira shi. Ta ce in ya je Jikwoyi ya nemi rijiyar Sale, ya sha, ya yi masa addu'a.