Kwalaben Dakta Suna Bayan Kwaɗo

Ranka ya daɗe shugaban cibiya, manyan daraktoci, malamanmu masu bincike, wakilan manoma, maigidan marigayiya da 'ya'yanta, assalamu alaikum.

Ni ne mai haɗa abincin tsiro a ɗakin binciken Dakta, shekara goma sha tara. An zaɓe ni in yi magana a madadin ma'aikata, ina jin don an san ba ni da surutu. To, yau a yi haƙuri da ni.

Ta kasance mace mai kafiya a kan abin da ta sani. Shekarar da cuta ta murɗe ganyen rogo, manoma suka rasa irin dasawa, ita ta nuna mana cewa can ƙarshen toho akwai ɗan wurin da cuta ba ta kai ba. Sai ta yanko shi, bai kai kan allura ba, ta sa a kwalba, ta rene shi har ya yi saiwa. Daga tsiro ɗaya mu fitar da ɗaruruwa, duk lafiyayyu.

Ta kasance mai jure dariyar mutane. Wani dattijo ya taɓa ɗaga kwalbar ya ce, "Yarinya, wannan rogon asibitin ne zai ciyar da gidana?" Ta ce, "Baba, kai dai dasa. In bai yi ba, zo har ofis ka zage ni, ni zan ba ka kujera." Ga shi can zaune a layi na uku. Shi ya raɗa mata Uwar Kwalabe.

Ta kasance ba ta iya roƙo ba, amma ta yi roƙo a ginin nan. Ta roƙi man janareta, ta roƙi a gyara na'urar sanyaya ɗaki. Sau biyu zafi ya dafa mana aikin shekara guda. Waɗanda suka riƙa ce mata "a rubuto takarda", yau su suka fi kowa yabonta. Ihu bayan hari ke nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegarin rasuwarta aka garƙame ɗakin tsiro da kwaɗo, wai ƙa'ida ce, sai kwamiti ya duba kayan marigayiya. Jama'a, tsiro ba tebur ba ne. Duk sati huɗu ake sauya masa kwalba, in ba haka ba abincinsa ya ƙare ya mutu. Rabonsa da sabuwar kwalba yau kwana ashirin da shida. Sau shida ina zuwa ofis, ana ce mini kwamiti sai wata mai zuwa. Jiya na leƙa ta taga, tsirran da ke kan kantar sama sun fara yin rawaya. Irin da ta yi shekara bakwai tana tacewa ne a ciki, kuma babu shi a ko'ina.

Maigida, da ku 'ya'yanta, kun bar wa kwalaben nan rabin lokacinta ba ku taɓa ƙorafi ba. Ku yafe mana, mun kasa tsare mata su, kuma abin yana ci mana rai.

Ranka ya daɗe, mun ji za a sa wa ɗakin sunanta. Mun gode. Amma mabuɗin muke so, yau, kafin a kwashe kujerun nan.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Dakta, ya haskaka kabarinta, ya ba iyalinta haƙuri. Mu kuma Allah kada ya sa mu binne ta sau biyu.