Sunan Ɗan Fari

A tashar Gidan Rumji, mata biyu na zaune kan benci suna jiran motar Sae Sabuwa ta cika. Tsohuwar cikinsu ta dubi ta kusa da ita.

"Baiwar Allah, daga likita kike? Ban ga magani a hannunki ba."

"Ba magani suke ba mu ba, Inna. Wani ɗaki ne can baya, duk Laraba, kyauta. Wadda aka yi ma mutuwa ta je ta zauna, wata malama ta saurare ta."

"Saurare kawai? Ko tiyar gero babu? Haƙuri ai a gida ake yin shi."

"Na yi shi a gida, Inna, wata biyar, har barci ya ƙaurace mini. Ɗan farina ne 'yan bindiga suka harbe a gona. Ranar zaman makoki kowa ya yi kuka ban da ni, kar a ce ba ni da kunya."

"Haka muka gada."

"Yau malamar ta ce in faɗi sunanshi. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kiran shi ba, sai dai 'wannan yaron'."

"Subhanallahi! Kika faɗa?"

"Na faɗa. Muntari. Har sau uku."

Tsohuwar ta shiga murza bakin zanenta.

"Nawa ɗan farin, shekararshi tara ke nan a ƙasa. Ban yi kuka ba, aka yi ta yabona."

"Allah ya jiƙan shi. Mi sunanshi, Inna?"

Tsohuwar ta buɗe baki. Har direba ya tada mota, sunan bai fito ba.