Ƙwayar da Na Riƙa Korawa da Fura

Alheri da salama na Yesu Almasihu su kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata.

Da kunya na miƙe, amma in na yi shiru na ɓoye aikin Allah.

Da daminar nan taifot ta kwantar da maigidana, Baban Rahila. Aka ba mu ƙwayoyi a asibiti. Bakinsa ya ƙi komai sai fura, ni kuma tausayi ya cika ni. Sai in dama masa da nono mai kauri, in sa masa ƙwayar a baki ya kora da ita. In ya ce ƙirjinsa na zafi, in bi shi da cokalin farin maganin olsa. A ganina babu matar da ta kai ni iya jinya.

Magani ya kusa ƙarewa, zazzaɓi bai sauka ba. Mutum ya rame, ko wanke fuska sai na riƙe shi.

Nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Dije, Bafulatanar da ta daɗe tana kawo mana nono a Kambarawa, ita zuciyata ta zarga. Wai an ba ta wani abu ta zuba mana. Ranar da ta yi sallama ta ce, "Maman Rahila, ya mai jiki? Ga kindirmo na ware mishi," na ce ba ma so, na rufe ƙofa tana tsaye. Na koma sayen nono a kasuwa, na ci gaba da yadda na saba.

Da jiki ya ƙara tsanani na durƙusa a tsakar gida ina kuka: "Ubangiji, ka tona asirin mai wannan aiki!"

Ya kuwa amsa. Ni ya tona!

Washegari muka koma asibiti. Likita ya ce, "Madam, da mi yake shan maganin?" Na faɗa masa har da alfahari. Ya ajiye biro. Ya ce kalsiyam ɗin da ke cikin nono, da abin da ke cikin maganin olsa, suna kama irin wannan ƙwayar tun a ciki, su hana ta shiga jini. Da ruwa zalla ake sha, a bar tazara mai tsawo kafin nono. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka sake magani, na bi ƙa'ida. Jiya Baban Rahila da kansa ya tuƙo babur zuwa Ƙofar Kaura. Halleluya!

Na tare Dije a hanya na nemi gafara. Ta sauke ƙwarya tana dariya ta ce, "Ayya, ni na ɗauka nonon ne ya yi tsami." Dariyarta ta fi zagi zafi a gare ni.

Na gode wa Yesu da ya rufa mini asiri, bai bar hannuna ya kashe mijina ba. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku tambayi likita da me za a sha magani. In kuma kun roƙi Allah ya nuna mai laifi, ku shirya ganin fuskarku.