Minti Biyun da Suka Wanke Ni

Shugaban asibiti, manyan likitoci, abokan aiki. Hajiya mai ɗakin marigayi, 'ya'yansa da ƙannensa, assalamu alaikum. Ma'aikatan ɗakin ajiyar jini ne suka tura ni in yi magana da yawunsu, kuma sun san abin da ya sa suka zaɓe ni.

Mu Baban Waya muke ce masa, shi ke kula da kwamfutoci da na'urorin asibitin nan. Ya kasance in ka kira shi kwamfutarka ta tsaya, sai ya gama tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya kafin ya taɓa ta, kai kuwa kana ta gumi. Ya kasance ba ya ɗora wa kowa laifi sai ya gani da idonsa.

Shekara huɗu da suka wuce, wata Lahadi, firjinmu ya mutu, ledar jini talatin da ɗaya suka lalace. Muna da na'urar da ke tura saƙo wayoyinmu da zarar sanyi ya ragu, amma ranar shiru. Ni ke kula da ita a makon, sai aka ce ni na kashe ta. Har an buga takardar korata.

Baban Waya ya roƙi kwana uku. A na ukun ya kawo Shugaba ɗakinmu, ya kashe wuta ya kunna, yana duba agogonsa. Kwamfutar da ke tura saƙon ta tashi cikin daƙiƙa ashirin, akwatin intanet kuwa sai da ya ci minti biyu. Ashe manhajar saƙon in ta farka ba ta tarar da intanet ba, sai ta haƙura, ba ta ƙara gwadawa, ga fitilarta koriya kamar komai lafiya. Kuma da safiyar Lahadin nan an ɗauke wuta an dawo da ita.

Ya nuna ni ya ce, "Ranka ya daɗe, ba laifinta ba ne. Ni na haɗa na'urar nan, ban sa ta jira ba. In takarda za a bayar, ni za a ba."

Shugaba ga shi nan zaune, shi ne shaidata. A ranar Baban Waya ya gyara manhajar, ta riƙa jiran intanet, in ta kasa ta sake gwadawa. Sau goma sha ɗaya ya kashe wuta yana gwaji, har muka roƙe shi ya bari haka nan. Tun daga lokacin sau biyu saƙon ya ceci jininmu.

Hajiya, takardar gargaɗin da aka ba shi, na san bai gaya miki dalilinta ba. Ni ce dalilin. Ku 'ya'yansa, duk wanda ya tambaye ku wane ne ubanku, ku turo shi wurina.

Mun gode da kuka ba mu aronsa shekara goma sha tara. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa wa iyalinsa asiri. Amin.