Uwar Mawaƙa a Layin Likita

A ɗakin jiran likita, waƙa na tashi daga wayar wani magidanci. Tsohuwar da ke gefensa ta matso.

"Ɗana ne wannan, babban."

"Don Allah, Mama? Ai ya fi ƙaninsa nesa ba kusa ba! Waƙarsa ta farko ta zaga duniya."

"Ya fi shi sa'a dai. Ƙaramin ya daɗe yana rera wa kujeru waƙa, ba mai saurare. Yayan na can yana yawonsa, shi kuwa shi ke riƙo hannuna ya kawo ni asibiti, har jakata yake ɗaukar mini."

"To, yau ina yake?"

Ta gyara zaman jakar a cinyarta.

"Bana shi ma Allah ya ɗaga shi."