Hutun Maharazu

A tashar Ƙanƙara, ana jiran motar Faskari ta cika. Wani dattijo ya dubi magidancin da ke gefensa, farar ƙura har cikin girarsa.

"A injin farar ƙasa kake aiki?"

"Can nake, Baba."

"Na ji an ba ku hutu."

"An ba mu. Rabin awa bayan Azahar, a kashe inji kowa ya sha iska. Hutun Maharazu muke ce mashi. Abokin aikinmu ne, shi ya yi wata shida yana sintiri wajen mai injin har ya amince. Kafin a fara, tari ya kwantar da Maharazu. Allah ya jiƙan shi."

"Amin. To, kuna hutawa?"

"Ina fa, Baba! Da buhu ake biyanmu. Inji na tsayawa, kowa zai hau ɗinke bakin buhunanshi. Ni ban taɓa zama ba."

Dattijon ya ce:

"Maharazu ɗana ne. Har ya rasu cewa yake, ko ba komai ya sama maku lokacin numfashi. Gobe ka zauna, don Allah. Ko kai kaɗai ne."